Littafin da Kika Aiko wa Hafsa

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya jikin Inna?

Littafin da kika aiko wa Hafsa ya iso, na yarinyar da ta kama sana'a da ƙawarta har suka cika asusu. Jiya ina kan keken ɗinki ta ce, "Umma, ke da ba kya hutawa, ina naki asusun? Yaushe za mu bar ɗaki ɗayan nan?"

Shekara tara a Abakpa, abin da keken ya kawo da safe tukunya ta cinye kafin la'asar. Na ɓoye littafin ƙarƙashin katifa, ta zaƙulo shi.

A gaida Inna, a sa mu a addu'a. In za ki sake aikowa, Yaya, ki haɗo da amsar.

Ƙanwarki,
Rabi