Kwanon Dambun Sista Barira

Unguwar Ɗorawa,
ta Ɗambatta.

Salamu alaikum jama'ar birnin Kano baki ɗaya! Likitoci da masu gadi, malamai da ɗalibai, masu a-daidaita da fasinjansu, kowa ya matsa gefe, ga takardar Muntaka sarkin noman duniya zata wuce zuwa hannun matata Sista Barira.

Maman Bilki, gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya karatu, ya baƙunta? Ina fata kina samun bacci. Mu nan lafiya lau. Bilkisu na gaidaki, Inna na gaidaki. Akuyarki ta haifi biyu, duk kyauna suka ɗebo.

Tunda likitanki yace ki bar waya a gida, gata nan na sata cikin tukunyar ƙasa na rufe. Wallahi har a ciki kuka take. Shiyasa na ɗau biro da kaina, zan ba Gana direba ya kawo miki.

Mun yanke gero, rumbu ya cika har yana nishi. Girki kuwa na ƙware, jiya nayi tuwo Bilkisu tace ko na gini ne.

Mutanenki basu daina zuwa ba. Tun da hantsi zaure ke cika kamar da, mai ɗa baya magana, mai miji baya bacci. Nakan ce Sista ta tafi kwas, zata dawo da satifiket ɗin masu lura da ƙwaƙwalwa wanda ko a Kano ba kowa ke dashi ba. Bana faɗa musu ɗaya dalilin. Ban ce musu tun randa aka tsamo gawar Kamaruddeen ɗan Malam Yahya daga rijiyar lambu kika daina cin abinci ba. Kinsan dai ba laifinki bane. Ke kika nema masa maganin ciwon ƙwaƙwalwarsa yaji sauƙi, iyayensa suka ga ya warware suka daina bashi. Amma kin ɗauka kin ɗora a kanki. Har gidan makokin, kina kuka mata na jan mayafinki kowacce na faɗa miki nata ciwon, kina share hawaye kina saurarensu. Na gani daga bakin ƙofa, ban manta ba.

An turo wata Sista Falta asibitin garinmu ta riƙe miki. Mutane na gunaguni wai in lokacin tashi yayi sai ta sa kwaɗo, kuma da rana takan rufe ƙofa taci abincinta. Na zuba ido in ga ko sama zata faɗo. Har yau tana nan a sama.

Ga dambun zogale a kwanonki mai fulawa, Inna tayi, ni na sa albarka. Ki cinye.

Naki mijin da babu irinsa,
Muntaka.

Unguwar Ɗorawa.

Salamu alaikum Maman Bilki.

Ya jiki, ya ƙarfin hali? Yau ban gaida mutanen Kano ba, fushi nake dasu da suka barki kina abinda kikeyi.

Kwano ya dawo. Na buɗe na tarar da sabulu da man shafawa na Furera mara lafiyar nan taki, da alawar Bilkisu, da kilishi nawa. Da farko nayi rawa. Sai Gana ya faɗa min a gabansa kika rabe dambun ga masu jinya a bakin get ɗin asibiti, ko loma baki kai baki ba. Yace kin rame har zobenki na yawo a yatsa. Yace kuma kin ce zaki haɗa kaya ki biyoshi ranar kasuwa, sabida kinji ciwon Furera ya tashi.

Gaskiya ne ya tashi, bazan ɓoye miki ba. Tun bayan haihuwar nan bata dawo daidai ba, ta daina ba jaririn nono, tana zama tana kallon bango. Amma Sista Falta taje gidan, ta zauna da mijin, an sata a mota an kaita babban asibiti. Jaririn na gun kakarsa yana shan madara. Anyi duk wannan babu ke, kuma anyi daidai. Nasan zai miki zafi kiji haka. Nima da nake cika baki a kasuwa cewa in babu matata garin nan ya watse, yamin zafi.

Shekaranjiya dattawa sukazo da Mai Unguwa, wai in rubuto miki ki dawo, karatu bai fi rai ba. Kinsan ba'a ce musu a'a. Na durƙusa har ƙasa, na cire hula, nace suyi haƙuri bazan rubuta ba. Nace rai ɗin da suke magana akai, matata ma tanada guda. Suka tashi, ko ruwan da na kawo basu sha ba. Yanzu in na isa majalisa gindin dalbejiya sai hira ta mutu. Ni Muntaka da nake sa mai ciwon haƙori dariya, jiya na saki zance babu wanda ya ko murmusa. Ba komai, zasu huce.

Abinda bazan iya ba shine in sake ganinki kamar safiyar nan da kika zauna gaban murhu koko na ƙonewa, Bilkisu na taɓaki tana Umma Umma, kika juyo kika kirata Kamaru. Yarinyar nan har yau tana tambayata ko kin manta sunanta ne. Nace mata a'a, Umma gajiya tayi, ta tafi inda ake gyara masu gyaran mutane.

Dan Allah ki zauna. Ki ƙarasa kwas ɗinki. Ki rinƙa zuwa gun likitan nan dake saurarenki, ki faɗa masa komai, har rashin iya tuwona. In kika hau motar Gana ranar kasuwa, wallahi a tasha zan tareki in sake maidaki.

Ga kwanon nan ya sake tahowa da dambu. Nasan tun kina gidanku aka koya miki ba'a maida kwano haka nan, ko goro sai an saka. To ni da na aiko kwanon na yafe. Banason kilishi, banason sabulun kowa. Nace ma Gana ya kashe mota ya tsaya a kanki har ki gama, ko fasinja zasu zageshi.

Bilkisu na gaidaki, tace in rubuta sunanta da girma ki gani. BILKISU.

Ki aiko min da kwanon nan babu komai a ciki, Barira. Ko wankewa kar kiyi, inason in ga shaidar yatsunki.

Naki,
Muntaka.