Ƙwaryar Daddawar Kulu

Assalamu alaikum, Kulu.

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san ba za ki karanta wagga takarda ba. Ko kina da rai ma ba karanta ta za ki yi ba, don ba ki san baƙi ba, ni ma ɗan ajamin da na tsinta a makarantar allo ne nake ja da ƙyar. Amma akwai maganar da ba zan iya yi da mutanen gidan nan ba, sai ke.

Ga shi na rubuta sunanki. Tun da aka kawo ki ɗakina ban taɓa kiran shi da bakina ba, sai dai in ce ke, ko in ce mutanen gida. Na zaci in na gan shi a takarda zan ji wani abu. Ban ji ba. Haka nake tun ranar da muka baro ki a maƙabarta. Ina ci, ina salla, ina kwanciya, gari ya waye.

Muna nan Ƙaura, gidan hayar ɗanki Nasiru, inda kika bar mu. Ƙauyenmu ba wanda ya koma. Wani mutumin Birnin Tsaba da ya yi ƙarfin hali ya ratsa ta can ya ce rufin madafinki ya rufta, amma ɗorawar gonarmu tana nan tsaye, ta yi 'ya'ya har rassa sun sunkuyo, birai ke sha. Masu bindiga na zaune a ƙarƙashinta da rana. Nasiru yana nan yana kabu-kabu da babur, ya rame. Matarsa Saratu ta sauka lafiya, mace, an sa mata sunanki. Suna ce mata Ummi, irin na birni. Ba a tambaye ni ba.

Abinci nake son in gaya maki.

Kulu, gidan nan komai a leda yake shigowa. Tumatir a leda, mai a leda, gari a leda, har yaji a leda. Da safe Nasiru zai ajiye kuɗin cefane, kafin azahar sun bi shagon bakin layi sun ƙare, gobe kuma a sake. Miya ba ta yiwuwa sai an murza mata dunƙulen kanti, wanda ake ɓarewa daga takarda mai ƙyalli. In ka sha, gishiri ne kawai ke ihu a bakinka, sai ƙishirwa ta biyo baya. Yara sun fi son taliyar leda da tuwo. Ranar da babur ya lalace ba a samu na shago ba, sai aka kwana da ruwan gari, alhali ga dawa a buhu. Kin taɓa jin haka? Dawa a ɗaka, a ce ba abinci, don ba a samu abin miya na saye ba?

Ke kin san yadda nake cika baki a majalisa, ina cewa gidana ba a sayen komai sai gishiri da kanwa da ashana. Gaskiya nake faɗi kuwa. Kuka kin shanya ta a inuwa tun tana kore. Kuɓewa kin yanka kin busar, tumatir kin yi kauɗa kin ɗura a tulu. Gyaɗa ki matse ta da hannunki, mai ya shiga miya, ƙuli ya tafi kasuwa ya dawo da sabulu. Daddawa kuwa ba a maganarta, tun daga ɗorawar gonarmu har cikin tukunya ba hannun da ke taɓa ta sai naki. Ni a lokacin cewa nake iya riƙon gida ne nawa. Ban canza magana ba har yau, na iya riƙon gida. Sai dai na lura tun da kika tafi iyawar tawa ba ta ƙara tsinana komai ba.

Na yi wa Nasiru magana. Na ce kuɗinsa duk a leda suke zurarewa, in an koma yin abin miya a gida kamar yadda innarsa ke yi, rabin abin da yake kashewa zai tsaya a aljihunsa. Ya sunkuyar da kai ya ce nan birni ne, itace saye ake yi, ruwa saye ake yi, Saratu kuma ga goyo ga yara, tsakar gidan ma tare da wasu masu haya ake raba ta. Ita Saratu ba ta da rashin kunya, ban ɗora mata abin da ba ta yi ba. Amma na ji ta ta bayan labule tana ce wa maƙwabciyarta tsoho ya ɗauka har yanzu a ƙauye yake. Wannan kalmar ba ta fita raina ba. Sai na ce to, ni zan yi daddawar da hannuna, su gani.

Kina jina? Ni, Mamman, da gemuna fari.

Kin tuna daren da muka gudo, kowa na ɗaukar abin da ya samu? Ni na ɗauki rediyo da bargo. Ke kika bar akwatin zannuwanki, kika ɗoro tsohuwar ƙwaryar daddawarki a ka, mai ɗinkin nan a baki, da tsumman buhun da kike rufe ta, da 'yar kalwar da ta rage. Tun daga bakin rafi har muka samu mota ina maki faɗa, na ce wace irin mace ce za ta bar sutura ta ɗauko wari. Ba ki tanka mani ba. Da wannan kalwar kika yi daddawarki ta ƙarshe a nan Ƙaura, kafin ciwon ya kwantar da ke. Bayan rasuwarki na ishe ragowarta a gwangwani ƙarƙashin gadonki. Na ɓoye. In miyar Saratu ta gagare ni, sai in gutsura kaɗan in murza a kwanona ba wanda ya gani. Haka na yi ta yi har ta koma dunƙule guda ɗaya tak.

Na hau bayan babur ɗin Nasiru muka je Kasuwar Daji na auno kalwa. Mai sayarwar ya tambaye ni ko aiko ni aka yi, na ce ni na aiko kaina. Na dawo na kafa murhu a bayan ɗaki. Duk abin da kike yi na san shi, don shekara da shekaru ina zaune a gindin bango ina kallonki ina mitar hayaƙi. Na dafa ta wuni da kwana har ta yi laushi. Na zuba a turmi da toka na surfa, matan gidan haya suna leƙe suna rufe baki da mayafi. Wani tsoho abokin sallata ya ce saura in ɗaura zane. Ban kula shi ba, amma na daina zama kusa da shi a sahu. Na wanke ɓawon tas, na sake dafawa da 'yar kanwa, na tsane.

Sai na ɗauko ƙwaryarki. Cikinta ya yi baƙi, ya yi wani danƙo, ga warin nan da na yi rayuwata ina ƙorafi a kansa. Na ce matan birnin nan suna kallo, ba zan bari su ce ƙazanta muke ci a ƙauye ba. Na samo sabulun gari da soson ƙarfe na Saratu, na zauna na dirje ta ciki da waje. Na ƙara da yashi, na zuba mata tafasasshen ruwa, na kife a rana har ta yi fari kamar ranar da aka fafe ta. Tsumman buhun ma na jefa shi wuta, na yanko sabo. Har daɗi na ji. Na ce yau ga yadda ake aiki da tsabta.

Na zuba kalwa, na rufe, na kai lungu, na jira kwanakin da kike jira. Da na buɗe, Kulu, ba daddawa na ishe ba. Ba yauƙi, ba warin nan mai hawa ka. Wani tsami ne kawai ya bugo ni, da baƙin hunhuna a sama. Ko awakin maƙwabta da aka zuba wa sun shinshina sun wuce. Itacen da Nasiru ya saya ya tafi, kalwa ta tafi. Washegari ya ajiye kuɗin cefane kamar kullum ya fita. Da ya yi magana da ya fi mani sauƙi.

Akwai wata tsohuwa a bayan layinmu, Ige, mutuniyar Moriki, ita ma gudu ya kawo ta, tana ɗan sayar da daddawa a ƙofar gida. Labari ya kai mata, ta zo da sandarta ta ce in nuna mata abin da na zuba a ciki. Na miƙa mata ƙwaryar. Ta juya ta, ta sa hanci, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta tambaye ni wane mara tausayi ne ya wanke ta. Ta ce ƙwaryar daddawa ba a kai mata sabulu, ɗauraya kawai ake yi a kife. Wannan baƙin da na kankare, da tsumman da na ƙone, su ne ke sa sabuwar kalwa ta kama. Na bara ke tada na bana, shi ya sa daddawar kowace mace take da ɗanɗanonta daban, kuma shi ya sa uwa ke ba ɗiyarta tsohuwar ƙwarya ba sabuwa ba. Ta ce hannun mai ita ne a ciki.

Sai a lokacin na tuna taki ta innarki ce, da ita aka kawo ki.

Na karɓi ƙwaryar na shiga ɗaki na zauna. Ban yi kuka ba, kada ki zata. Kallonta kawai na yi ta yi, fara fes, ba ta warin komai.

Don mi ba ki taɓa gaya mani ba? Shekarun nan duka ina zagin ƙwaryar nan a gabanki, ko sau ɗaya ba ki buɗe baki kin ce ga dalili ba. A hanyar gudu ma kika bar ni ina ta surutu kamar mahaukaci. Da kin faɗa, da na ji. To, wataƙila da ban ji ba. Amma da kin faɗa. Wannan ina riƙe da shi a kanki, kamar yadda nake riƙe da tafiyar da kika yi kika bar ni gidan ɗa, ina jiran a miƙo mani kwano. Ni ne babba, ni ya kamata in riga ki.

Ige ta ce za ta ara mani tata ƙwaryar. Na ƙi. In daddawar Moriki nake so, ai sai in saya a ƙofarta. Da ta ga ba zan sauko ba, ta tambaya ko akwai sauran daddawarki a wani wuri. Ta ce in an murza tsohuwa a cikin sabuwar kalwa tun tana da ɗumi, wani lokaci takan tashi, ƙwaryar ta sake ɗaukar abin da ta rasa. Wani lokaci kuma ba ta tashi, balle wadda ta daɗe a bushe. Ba ta yi mani alkawari ba.

Dunƙule ɗaya gare ni, Kulu. In na ajiye shi, ina da shi har ranar da ƙwari za su cinye. In na zuba ya ƙi, shi ke nan, ba sauran abin da hannunki ya taɓa wanda zai shiga bakina.

Na sayar da rediyon na sake auno kalwa. Wannan karon Saratu ce ta kama mani surfen, ban roƙe ta ba, ta dai ga taɓaryar na neman faɗuwa daga hannuna ta karɓa. Da kalwar ta tsane, na fito da gwangwanin. Na murza dunƙulenki da yatsuna har ya zama gari, na barbaɗa, na gauraya, na rufe. Ɗan abin da ya maƙale a yatsana na lasa wa jaririyar a baki. Ta yamutsa fuska, sannan ta kama yatsan tana tsotsa. Saratu ta gani, ba ta hana ba.

Yanzu ƙwaryar na nan a lungun ɗakina, na danne ta da bargo. Ige ta ce kada in kuskura in ɗaga kafin lokaci, kuma kin san ni da leƙe, amma ban taɓa ta ba. Ina zaune kusa da ita nake wannan rubutu. Ɗazu na ɗora tafin hannu a kan bargon, kamar na ji ɗumi. Ban sani ba ko daga ciki yake fitowa ko hannuna ne. Hancina kuma ya tsufa, ba na yarda da shi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maki ba, don a gidanmu ba a saba namiji ya yaba tuwo ba, in ya cinye ya ture kwano an san ya ji daɗi. Miyarki tana da daɗi. Ko ranakun da na ce gishiri ya yi yawa, bai yi ba. Kuma ba ni kaɗai na riƙe gidanmu ba. Iyakar abin da zan ce ke nan, kada ki sa ran ƙari.

Gobe bayan sallar walaha zan buɗe. In ta kama, Saratu ta ce za ta koya, ƙwaryar kuma ta mai sunanki ce in ta girma, kuma zan tsaya a kanta da sanda kada wani ya kai mata sabulu. In ba ta kama ba, ni na wanke ta, ba wani ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sa in ishe ki cikin alheri. Sai na zo.

Ni ne mijinki,
Mamman, wanda ya yi ta ƙorafin wari.