Kofin da Ya Tafi Kurfi

Asabar, 12 ga Yuli, 2025

An gama Gwanar Murhu, gasar girkin nan ta talabijin. Ƙanwata Nana Hadiza ta zo ta biyu. Zinariya ta Kurfi aka ba kofi da mota.

Tun azahar na rufe shago, na sallami ɗaliban jami'a da suka zo cin shinkafa, muka taru a falon maƙwabciyata Hajiya Kyauta, don ita ke da sola. Mata sun fi talatin, har a bakin taga. Wata uku kenan kowace Asabar muna zaman nan muna kallon ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana kada mata a girki ɗaya bayan ɗaya, daga ashirin har suka koma su biyu. Da mai gabatarwa ta kira sunan Zinariya, ba wadda ta motsa.

Nana tana zaune kusa da ni. Tun mako uku da suka wuce aka naɗi shirin a Kaduna, ta dawo ta zauna da mu alhali ta san sakamakon. Wai sun sa hannu ba za su faɗa ba. Har ni. Ni da na goya ta.

Abin da ya tsaya mani a rai: alƙalai sun ɗanɗana miyarta, babbansu, wani Mas'ud, ya buɗe baki zai yi magana, sai aka yanke aka sa talla. Da aka dawo ana kan farantin Zinariya. Me ya ce? Me suka cire?

Lahadi, 13 ga Yuli

Ba yadda za a yi miyar nan ta faɗi. Na san abin da ke cikinta.

Ranar da za ta tafi zagayen ƙarshe, a tasha, na tura mata ƙullin haɗina cikin jaka. Daddawa, kimba, citta, masoro, da abu ɗaya da ko a nan ba zan rubuta ba. Na sa ta yi mani alkawari za ta zuba. Shekara goma sha ɗaya ɗalibai na layi a shagona saboda haɗin nan. Sai a ce dambun wata ya fi shi?

Maigida, Malam Mamuda, ya ce, "Rahamatu, gasa ce, dole ɗaya ta ci." Shi komai a wurinsa haka ne.

Talata, 15 ga Yuli

Na sake kallon shirin a waya sau huɗu. A wuri uku aka yanke, duka a lokacin Nana. Kuma duk sanda Zinariya ta kawo faranti sai Mas'ud ɗin nan ya yi murmushi tun kafin cokali ya kai bakinsa.

Hajiya Kyauta ta ce an gaya mata mahaifiyarsa 'yar Kurfi ce. Ta kuma ce wani direba ya ga Zinariya tana fitowa daga wata baƙar mota a ƙofar masaukinsu a Kaduna. Na ce wane direba? Ta ce ba ta riƙe sunan ba, amma mutumin kirki ne.

Sai maganar ƙuri'ar masu kallo. Duk garinmu Dutsin-Ma ya tura saƙo, har 'yan acaɓan Karofi. Kurfi mutum nawa ne?

Laraba, 16 ga Yuli

Na tura saƙon murya a guruf ɗin matan unguwa. Minti biyar. Na faɗi yanke-yanken, na faɗi murmushin, na faɗi baƙar mota. Ban ce ta aikata komai ba. Cewa na yi, "Ku dai ku tambaya wa ke sauke matar aure a masauki."

Na ji sanyi a ƙirjina bayan na tura.

Alhamis, 17 ga Yuli

Saƙon ya dawo mani daga wata a Katsina, wai in saurara in ji abin da ake ciki. Ba ta ma gane muryata ba ce.

Asabar, 19 ga Yuli

Akwai abin da ba daidai ba game da Nana.

Na leƙa gidanta da yamma na same ta a kicin tana waya ƙasa-ƙasa. Tana ganina ta katse. Ta aje wayar kan turmi, wayar ta sake haske, na ga sunan: Anti Zinariya. Anti.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce ɗaki ɗaya aka sa su a Kaduna tun farkon gasar. Sai ta ce, "Yaya, don Allah ki goge saƙon nan, ki ce kuskure ne."

Na ce ke aka zalunta, ke kuma ke roƙo? Ta ci gaba da yankan albasar da ta riga ta yanke.

Ban so in rubuta wannan ba, amma a hanya na yi ta tunani. Mutum a ƙwace masa mota bai yi kuka ba, bai yi fushi ba. Ko an zauna da ita ne? Ko an yi mata wani alkawari ta ja baya? Yarinyar da ba ta taɓa ɓoye mani komai ba.

Litinin, 21 ga Yuli

Malam ya je Kurfi sayo wake, ya dawo ko sallamar kirki bai yi ba. Sai da ya ci abinci ya ce saƙon ya isa can. 'Yan'uwan mijin Zinariya, Rilwanu, sun saurara a wayar wani a bakin masallaci. Sun mayar da ita gidan iyayenta a Tamawa, wai har a bincika. An fasa walimar da aka shirya mata. Motar tana ƙofar gida an rufe ta da tamfol, ba wanda ya taɓa.

Ya ce, "'Ya'yanta uku, ƙaramin bai cika shekara biyu ba."

Na ce ni ban ambaci saki ba. Tambaya na yi. Kuma in ba su da nasu zargin tun da, ai maganar mai sayar da shinkafa ba za ta fitar da mace daga ɗakinta ba.

Ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya fita.

Laraba, 23 ga Yuli

Ana ruwa tun hantsi, ba ɗalibi ko ɗaya. Nana ta shigo shago jiƙe, ta janyo benci ta zauna, ta ce in kashe wuta za mu yi magana.

Zan rubuta yadda ta faɗa, in na iya.

Dokar gasar, ba a shigo da komai daga waje, ko gishiri. Ta sani. Ta ce kwana biyu ƙullina yana cikin jakarta tana cewa ba za ta taɓa ba. Ranar ƙarshe ta tuna alkawarin da na sa ta yi a tasha, ta ɓoye shi a haɓar zani, ta zuba. Mas'ud yana kai cokali baki ya aje. Ya ce akwai kimba a miyar nan, kuma ba kimba a teburin da aka ba su. Aka tsayar da naɗi. Aka tambaye ta a gaban kowa, ta ciro ƙullin.

Masu shirin suka ce za su nuna komai yadda ya faru, a kore ta a idon duniya, wai hakan zai ja masu 'yan kallo. Zinariya ce ta cire rigar girkinta ta ninke ta aje. Ta ce in za a nuna wannan, ita ma ta fita, su nemi wadda za su ba kofin. Aka yi awa biyu ana ja. Ƙarshe suka yarda a rage wa Nana maki, a yanke wurin, a bar ta da na biyu.

"Abin da aka yanke kenan, Yaya."

Na ce baƙar motar fa? Ta ce motar gidan talabijin ɗin ce, ita ke kai su masauki su duka. "Ina ciki. Ni ce ma ke zama gefen ƙofa."

Na ce me ya hana ki gaya mani tun ranar?

Ta ce, "In ce maki me? In ce haɗinki ne ya kada ni?"

Ta ce Zinariya ta san muryar wa ke cikin saƙon. Tun ranar farko ta sani. Mijinta ya tambaye ta me aka yanke a shirin, ta ƙi faɗa, don ta yi wa Nana alkawari. Ƙin faɗar ne ya ƙara masu zargi.

Shinkafar ta kama a tukunya muna zaune. Ban tashi ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na kwana ina neman inda labarin ya karye. Ko shirya mata shi aka yi? Amma takardar dokokin na gan ta da idona tun watan Afrilu, a kan katifarta. Na ɗaga, na aje. Ban karanta ba.

Asabar, 26 ga Yuli

Mun je Kurfi, ni da Malam da Nana. Gero ya yi kore shar a hanya, shi na yi ta kallo.

Malam ya tsaya da maza a zaure, mu muka shiga wurin mahaifiyar Rilwanu. Tsohuwa ce ƙarama, tana tsince shinkafa a faifai. Na gaishe ta, na ce ni ce mai muryar. Ta aje faifan.

Na faɗi komai. Da na zo kan ƙullin na tsaya, don sirrin Nana ne, kuma in ya fita ya fita kenan. Nana ta karɓa ta ƙarasa da bakinta. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Jiya kin ce haka, yau kin ce haka. Wanne za mu ɗauka, 'yar nan?"

Nana ta ba su lambar matar da ke kula da 'yan gasa, Rilwanu ya kira a gaban 'yan'uwansa, ya sa kowa ya ji. Ina jiyo muryar daga zaure. Da aka gama ba wanda ya ce mani na kyauta. Ruwa kawai aka kawo mana.

Daga nan Tamawa. Mun sami Zinariya a tsakar gida tana wanki, ƙaramin yana goye. Ba ta kai yadda take a talabijin ba, ta rame. Ta rungume Nana. Ni ta shimfiɗa mani tabarma.

Na shirya magana tun daga Dutsin-Ma, duk ta gudu. Na ce, "Na cuce ki." Shi kenan abin da ya fito.

Ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya, sannan ta ce, "Babbar ɗiyata ta ji saƙon a makaranta. Wanga shi ya fi yi mani ciwo, ba maido ni gida ba." Ta ce ta yafe don Allah, amma kada in sa ran za ta manta da wuri. Ta zuba mana fura. Na sha don kada a ce.

Litinin, 28 ga Yuli

Na tura saƙo na biyu a guruf. Na ce ƙarya na yaɗa, na faɗi sunana da na shagona, na faɗi ƙullin. Na farko cikin yini ɗaya ya kai Katsina. Wannan har yamma mutum tara suka buɗe.

Hajiya Kyauta ta daina amsa gaisuwata sosai. An ce tana cewa mutanen Kurfi sun saye ni, har an ga ana sa mani buhun wake a mota. Waken Malam ne, na shago.

Wasu ɗalibai kuma sun fara kiran Nana "mai ƙulli". Ta ce ba komai. Ban yarda ba komai ba ne.

Juma'a, 1 ga Agusta

Rilwanu ya je biko da kawunsa. Zinariya ta koma ɗakinta jiya, in ji Nana.

Har yanzu maganar ƙuri'un nan ba ta kwanta mani ba. Amma na bari.

Asabar, 9 ga Agusta

An yi walimar a Kurfi. Ban yi niyyar zuwa ba, Nana ce ba ta da abokiyar tafiya, kuma an ce masu girki sun yi kaɗan. Tun safe nake bakin murhu a bayan gida, ban shiga cikin taro ba. Wasu mata suna nuna ni da baki, na yi kamar hayaƙi ne ya hana ni gani.

An kawo mana dambun Zinariya mu masu aiki. Gishiri ya ɗan yi kaɗan. Na ƙara faranti, don ban karya ba da safe.

An cire tamfol daga motar, Rilwanu ya zagaya da yara. Babbar 'yar ta zo ɗaukar ruwa kusa da ni, na miƙa mata moɗa, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Wajen la'asar Zinariya ta leƙo da kanta, da kwalliyarta da komai, mata cike a bayanta. Ta ce, "Yaya, a sauke tukunyar can ko a ƙara mata wuta?"

Na ce a sauke.

Da hayaniya a wurin. Ban ma lura da abin da ta kira ni ba sai da na ga Nana ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona.