Sai Igiya Ta Jiƙe

Wadata, Yamai

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna Balki da ƙannena? Ni lafiya lau, jar dawar da sojoji ke rabawa ma cikina ya fara sabawa da ita.

Albishirinka! Ɗaliban injiniyan da nake koya wa bincike, na hana su kwafo zurfin rijiyoyi daga tsoffin takardu. Na ba su maganarku ta mahaƙa: sai igiya ta jiƙe ake yarda da ruwa. Jiya ɗalibata Rabi ta zura igiya, ta dawo a guje tana kirana malam da Faransanci: "Mushe, takarda ƙarya take, ruwa ya sauka gaba uku!" Har tafi na yi!

Don Allah a auna rijiyarmu ta Damagaram, a rubuto mini gaba nawa. Kada ku ce mini "lafiya lau", Baba. Ko ɗalibi ba na karɓar wannan amsa daga bakinsa.

Allah ya ba mu damina.

Ɗanka,
Hamisu