Kaset ɗin Japan da Gana ya goge

Yaya Mamadu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali, ya zaman Yamai? Mu nan Diffa lafiya lau, tattasai ya nuna.

Kaset ɗin kiɗan rok na Japan da ka aiko mini, mai gitar nan da ke kuka kamar mutum, ya tafi. Ni na koya wa abokina Gana jin daɗinsa. Ya ara, ya ɗauki waƙoƙin biki a kai, wai kuskure ne. Yaya, da hannuna na ɓalle 'yan robobin kaset ɗin don kada a iya goge shi. Sai da ya toshe ramukan da takarda kafin ya iya ɗauka a kai. Takardar tana ciki har yanzu.

A gaida Anti Falmata da yara. Ka sa ni a addu'a, in iya amsa sallamar Gana.

Ƙanenka,
Abba