Darasin Ibu Sientje Ya Tsaya a Babi na Bakwai

Tanta Oce, gwaggonmu mai ba da shawara, ki taimake ni tun bakina bai jawo mini da-na-sani ba.

Ni makanikin injin kwalekwale ne a Ambon. Jami'a kuwa, iyakata bakin ƙofarta. Shekara biyu ke nan ina koyar da kaina a waya, da darussan inji da wata malamar jami'a, Ibu Sientje, ke sakawa kyauta a intanet. Ban taɓa ganinta ba, amma na san halinta: kowane shafi sai ta ce a kashe inji kafin a sa hannu, kamar uwa. Don abokan aikina su amfana, na juya babi shida zuwa yarenmu na bakin teku, na buga, na raba. Labari ya kai mata. Washegari komai ya ɓace! Wai ashe hotunan ciki daga wani littafin waje ta kwaso ba izini, sai tsoro ya kama ta. Digiri har uku, amma ba ta san abin da ya halatta ta raba ba? Mun tsaya a babi na bakwai, yadda ruwan teku ke sanyaya inji, daidai abin da ke kashe mana injuna. Kullum da safe sai na buɗe shafin, wayam. Raina a ɓace yake, Tanta, amma wallahi kewarta nake yi. In rubuta mata baƙar magana, ko in haƙura?

Mai baƙin mai a farce, Ambon

Nyong, ɗan samari, ajiye baƙar maganar.

Kana da gaskiya. Malamin da zai buɗe iliminsa ga kowa, dole ya san hoton da zai iya ɗauka, ya rubuta a fili ko ya yarda a kwafa a fassara. Amma inji aka koya mata, ba wannan ba. Kai ma fa ka buga aikinta ba ka tambaye ta ba.

Hotuna ta rasa, kai kuwa injuna na kwance a gabanka a buɗe. Ɗauki hotonsu da kanka, har da gishirin da tsatsar. Haɗa da fassararka, ka wanke hannu, ka kai mata ofis. Ka ba ta haƙuri, ka ce hotunan kyauta ne ga kowa. Ma'aikatan laburaren jami'a sun san yadda ake rubuta irin wannan izini. Ku je tare.

Wataƙila ta ƙi. Amma ina zaton ba ta san tana da aji guda a bakin teku ba. Allah ya sa babi na bakwai ya fito da hoton hannunka a ciki.