Mama Ta Ƙwace Tulu

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya? Ya maigida da yara, ya sanyin Jos?

Tun da muka gudo daga Dogon Dawa, kin san Mama ta daina magana. To, ran Lahadi matan zumunta suka zo gida yabon Ubangiji, mai kaɗa tulunsu kuwa sai kuskure take yi. Kawai Mama ta ƙwace tulun, ta ce, "Haka ake yi wa Allah kiɗa?" Ta kaɗa, ta rera, mu muna ta kuka. Yaya, Ubangiji ya ziyarce mu! Yau har faɗa ta yi mini, wai na cika gishiri a miya.

Ku ci gaba da yi mana addu'a. Ki gaida Kawu Bulus.

Ƙanwarki,
Rifkatu